An Ga Ɗan Canji a Gwajin Bakin Mahaifa, Ga Kuma Juna Biyu: Yaya Za a Yi?

A ɗauka mace ce 'yar shekara 32, tana ɗauke da cikinta na huɗu da ya shiga wata uku. Ranar da ta fara awo aka shafo mata bakin mahaifa don gwaji. Da ta koma bayan 'yan makonni sai aka miƙo mata takarda da wasu haruffa huɗu a jiki, LSIL, ma'aikaciyar jinya ta ce mata, "Hajiya, an ga ɗan canji, za ki ga likita." Daga nan ba ta ƙara jin komai ba. Kalma ɗaya ce ta tsaya mata a zuciya, kansa, wato sankara, kuma kafin ta isa gida ta riga ta fara tunanin wanda zai riƙe mata yara.

Wannan firgici na fahimce shi, domin sankarar bakin mahaifa ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. A shekarar 2020 an ƙiyasta mata kusan 12,000 ne suka kamu da ita a Najeriya, kusan 8,000 kuma ta kashe. A duniya baki ɗaya, ƙiyasin 2022 ya nuna sababbin masu cutar kimanin 660,000 da mace-mace kimanin 350,000. Wadda ta taɓa jinyar gwaggo ko maƙwabciya da wannan ciwo ba za a ce mata kada ta tsorata ba. Sai dai tsakanin abin da ke cikin waccan takarda da ciwon da ta gani a jikin gwaggonta akwai tafiya mai nisa, kuma yawancin mata ba sa ma kama hanyar.

Bari mu fara da abin da gwajin yake dubawa. Bakin mahaifa yana da fata iri biyu: ta waje mai kauri da santsi, da ta cikin kafar mai laushi wadda ke fitar da majina. A inda suka haɗu akwai wani ɗan zobe da ƙwayoyin halittarsa ke yawan sauyawa, kuma a nan ne kusan duk matsalar take farawa. Mai haddasa ta ƙwayar cuta ce da ake kira HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa. Tana da ire-ire fiye da 100, amma biyu daga ciki, mai lamba 16 da mai lamba 18, su ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Bajamushen masanin nan Harald zur Hausen ne ya gano wannan alaƙa, aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Gwajin shafar da ake kira Pap kuwa ya girmi wannan sani, sunan likita George Papanicolaou ya ci, wanda ya yaɗa shi a Amurka tun shekarun 1940. Shi gwajin Pap kamannin ƙwayoyin halittar da aka shafo yake dubawa a madubin ƙara girma. Gwajin HPV kuma ita ƙwayar cutar yake nema kai tsaye.

Haruffan da ake rubutawa sun fito ne daga wani tsari da aka amince da shi a garin Bethesda na Amurka a 1988. Idan aka rubuta ASC-US, mai duba ya ga wasu ƙwayoyi da ba su yi kama da lafiyayyu sosai ba, amma bai isa ya ce ga abin da ke damun su ba. Ƙaiƙayi ko sanyi ma na iya sa haka. Idan aka rubuta LSIL, an ga sawun ƙwayar HPV a saman fatar, canji mai sauƙi. Waɗannan biyun su ake nufi da ɗan canji. Akwai kuma CIN1, sunan da ake bai wa irin wannan canji idan an gutsuro ɗan nama an tabbatar, wato kashi ɗaya cikin uku na kaurin fatar ne kawai ya taɓu. Amma idan takarda ta ce HSIL, ko ASC-H, ko AGC, wato canjin da ya fi tsanani ko ake zargin ya fi tsanani, to an fita daga wannan babi, zan dawo kansu.

Me ke faruwa da ɗan canji idan an ƙyale shi? Mafi yawan lokaci jiki da kansa yake share shi. Kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka ɗauki HPV garkuwar jikinsu tana kawar da ita cikin shekara biyu. Wani likitan Ostareliya, Andrew Östör, ya tattara binciken shekaru masu yawa ya wallafa a 1993, ya nuna cewa a cikin masu CIN1 kashi 57 cikin 100 abin ya koma daidai, kashi 32 ya tsaya yadda yake, kashi 11 ya ƙaru zuwa mataki na uku, wato CIN3, inda canjin ya kusa cin duk kaurin fatar, kashi 1 kacal ya zama sankara. Ko a wajen waɗanda abin ya ci gaba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ya kai ga sankara a jikin mace mai cikakkiyar garkuwa. To a auna wannan da ciki, wanda gaba ɗayansa wata tara ne, kuma an riga an ci uku. Ciki ba ya hanzarta wannan ciwo. Mata da yawa ma idan aka sake duba su bayan haihuwa sai a tarar canjin ya ɓace.

A kan wannan lissafi likitocin mata suka gina hukuncinsu, kuma hukunci ne da na yarda da shi ɗari bisa ɗari: a lokacin ciki abu ɗaya ake son tabbatarwa, cewa babu sankarar da ta riga ta kafu. Idan an tabbatar da haka, sauran duk za su iya jira. Ba a yi wa mai ciki maganin ɗan canji.

Dalilin hana taɓawar ya cancanci a tsaya a kansa, don a nan ne mutane suke ganin kamar an yi sakaci da su. Bakin mahaifa shi ne ƙofar da ke riƙe da ɗa har ya ƙosa. Da ciki ya shiga sai jini ya ƙaru a wurin, naman ya yi laushi ya kumbura, launinsa ya koma shuɗi-shuɗi, majina mai kauri ta toshe kafar. Hanyoyin maganin da ake da su kuwa duk ɓarna ce ta ganganci: ko a daskarar da wurin da iska mai tsananin sanyi, ko a ƙona shi da ƙarfe mai zafi, ko a yanke zoben da siririyar waya mai lantarki, ko a sare wani yanki mai siffar mazurari. A jikin mara ciki waɗannan ayyuka ne masu sauƙi, wasu ko kwana ba a yi a asibiti. A jikin mai ciki suna iya jawo zubar jini mai yawa, fashewar faya kafin lokaci, ɓari, ko haihuwar bakwaini. Ga shi kuma sau da yawa aikin ba ya fita tas, sai an maimaita bayan haihuwa. Ko ga mara ciki, yanka mai zurfi yana ƙara yiwuwar haihuwar bakwaini a cikin da zai biyo baya, abin da ya kamata a yi la'akari da shi sosai a inda mace ke iya haihuwa shida ko bakwai. Wa zai sayi wannan haɗari don kawar da abin da galibi zai tafi da kansa?

To idan ba magani, me ake yi? Ya danganta da abin da takardar ta ce da kuma tarihin matar. Idan ASC-US ne kuma gwajin HPV ya nuna babu ƙwayar, an gama magana. Za ta sake gwaji bayan shekara uku kamar yadda ake yi wa mara ciki. Idan shekarunta ba su kai 25 ba, ko da LSIL ne, akan ce ta sake gwajin shafa bayan shekara guda, domin 'yan mata masu ƙananan shekaru sun fi kowa saurin share ƙwayar. Idan kuwa ta wuce haka, kuma LSIL ne ko ASC-US tare da HPV, mataki na gaba shi ne kwalfoskofi. Wannan dubawa ce da wata na'ura mai fitila da madubin ƙara girma, wadda ke tsayawa a waje ba ta shiga jiki. Likita zai buɗe gaba da ƙarfen nan da ake amfani da shi wajen gwaji, ya shafa ruwan khal mai sauƙi, wurin da ya canza sai ya yi fari. Ba ya taɓa ɗa, ba ya jawo ɓari.

Inda masana suka ɗan sha bamban shi ne lokacin yin wannan dubawa. Ƙungiyar ƙwararrun Amurka mai suna ASCCP, a ƙa'idojinta na 2012, ta fi son a yi wa mai LSIL kwalfoskofi tun tana da cikin, amma ta yarda a jinkirta zuwa mako shida bayan haihuwa. A sabon tsarinta na 2019 ta ce a auna haɗarin mai ciki da ma'aunin da ake auna mara ciki, wato a haɗa sakamakon yau da na gwaje-gwajen baya, idan kuma za a duba bayan haihuwa kada a yi kafin mako huɗu. A Ingila sun fi sassauci ga ɗan canji: ana iya barin dubawar sai wata uku bayan haihuwa, kuma ko gwajin da aka saba yi lokaci-lokaci, idan ya faɗo cikin watannin ciki ga wadda tarihinta ke da kyau, ɗage shi suke yi.

A nan nake ganin bai kamata mu kwafo tsarin Ingila ido rufe ba. Matar da ke can ana aika mata takardar gayyata tun tana shekara 25, sunanta na cikin rajista, an san sakamakonta na baya, idan ta ƙi zuwa za a sake tuna mata. Tamu kuwa, sau da yawa wannan ne karo na farko a rayuwarta da wani ya kalli bakin mahaifarta, kuma mai yiwuwa ya zama na ƙarshe. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 67 cikin 100 na masu ciki sun ga ƙwararren ma'aikacin lafiya a awo, amma kashi 39 ne kawai suka haihu a asibiti. Wato awo shi ne lokacin da mace ta fi kusa da asibiti. Saboda haka idan akwai na'urar da ƙwararren da ya saba duba masu ciki, kamar yadda ake samu a manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ni ina ganin gara a duba ta sau ɗaya tun tana hannu, a ƙarshen wata na uku ko cikin na huɗu zuwa biyar, hankalin kowa ya kwanta. Idan babu, jinkirtawa ba laifi ba ne, muddin likita ya kalli wurin da idonsa bai ga abin tuhuma ba.

Na ce ƙwararren da ya saba, don bakin mahaifar mai ciki yana ruɗar ido. Fatar ciki takan juyo waje ta yi ja, jijiyoyin jini su fito, wani lokaci har wasu ƙulle-ƙulle su tsiro waɗanda aikin sinadaran ciki ne kawai. Wanda bai saba ba zai iya ganin lafiyayyen wuri ya ce ciwo ne, ko ya ga ciwo ya ce ai ciki ne. Ko mai duba shafar a ɗakin gwaji, dole a rubuta masa cewa matar na da ciki, in ba haka ba zai iya ɗaukar ƙwayoyin da ciki ya sauya a matsayin masu cuta. Wani amfani guda da ciki ke da shi: wajen mako na 20 zoben nan yakan fito fili sosai, dubawa ta yi sauƙi.

Idan likita ya ga wurin da ya yi masa kama da babban canji ko sankara, zai gutsuro ɗan nama kamar ƙwayar shinkafa a kai gwaji. Wannan ya halatta ga mai ciki. Jini kan ɗan fi zuba, amma ana tsayar da shi a take da magani ko danna auduga. Abin da aka hana ƙwarai shi ne kankare cikin kafar mahaifa, domin ana iya fasa faya. Idan kuwa abin da aka gani ɗan canji ne kawai, ba lalle a gutsuri komai ba, kuma babu buƙatar a yi ta maimaita dubawa kowane wata.

Akwai wani abu da ya shafe mu fiye da Turawa. A ƙananan asibitoci da wuraren gangamin gwaji kyauta, abin da aka fi yi shi ne shafa ruwan khal a duba da ido da fitila, idan wuri ya yi fari a ƙona ko a daskarar a ranar. Wannan tsari na a-gani-a-magance ya ceci mata da yawa, don ya kawar da matsalar tafi-ki-dawo. Amma ba na mai ciki ba ne. Duk matar da ta je irin wannan gangami, idan tana da ciki ko al'adarta ta yi jinkiri, ta faɗa tun kafin ta hau gado, kunyar cikin fari ko al'adar ɓoye ƙaramin ciki kada ta hana ta. Ma'aikaci ma haƙƙinsa ne ya tambaya.

Yanzu ga inda haƙuri ba ya aiki. Idan takarda ta ce HSIL, ASC-H ko AGC, a yi kwalfoskofi cikin cikin nan, ba jira. Ko an tabbatar da CIN2 ko CIN3, wato matakan da suka fi CIN1 zurfi, galibi ba a yanka, sai dai a riƙa dubawa duk mako 12 zuwa 24 ko a bari sai an haihu, gwargwadon abin da likita ya gani. Yanka sai in ana zargin sankara. Mace mai ɗauke da ƙwayar HIV ita ma lissafinta daban ne: ta fi sauran mata yiwuwar kamuwa da wannan sankara har ninki shida, kuma tafiyar da ke ɗaukar shekara 15 zuwa 20 tana iya taƙaita zuwa 5 zuwa 10 a jikin mai raunin garkuwa. Ita ko ɗan canji ne ba a sake da shi, kuma shan maganinta kullum ba fashi yana cikin kariyar bakin mahaifarta. Sai abin da ya fi ci mini rai: alamomi. Jini bayan saduwa, jinin da ke ta ɗiga ba dalili, ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, ko tsiro da ake gani da ido. Gwajin shafa an yi shi ne don mai lafiya da ba ta jin komai, kuma yana iya kuskure. Mai irin waɗannan alamomi, ko takardarta ta ce ɗan canji, ko ma ta ce lafiya lau, a buɗe a duba. Sau nawa ake ce wa mace "ai jinin ciki ne, ki kwanta ki huta" ba tare da kowa ya saka ƙarfe ya kalli wurin ba? Sankarar da aka gano da wuri a lokacin ciki tana da hanyoyin magani, wani lokaci har a tsira da ɗan.

Tambayoyin da ke biyo baya a ɗakin likita kusan iri ɗaya ne. "Likita, zai taɓa yaron?" A'a, canjin a fatar bakin mahaifa yake, ba ya shiga inda ɗa ke kwance, ba ya jawo naƙasa. "Sai an yi mini tiyata?" A'a, za ta haihu da kanta, sai in wani dalili na haihuwa ya sa a yi aiki, sankarar da ta kafu ce kaɗai ke sauya wannan. Shayarwa ba matsala. Kwanciyar aure ma ba a hana ba, sai 'yan kwanaki idan an gutsuri nama. Allurar rigakafin HPV, wadda Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023, ba a yi wa mai ciki, kuma ba ta warkar da ƙwayar da ta riga ta shiga. Amma idan akwai 'yar da ta kai wannan shekaru a gida, ga dalilin kai ta.

Akwai kuma tambayar da ba a yi da baki, ana yin ta da ido, musamman idan maigida na zaune: daga ina ta samo? Gaskiyar magana, HPV tana da yawa ƙwarai, mafi yawan masu aure maza da mata sun taɓa ɗaukarta ba su sani ba, kuma tana iya lafewa shekaru kafin gwaji ya gan ta. Babu gwajin da zai nuna yaushe ta shiga ko daga wa. Matar da ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta tana iya samunta. Bai halatta takardar asibiti ta zama hujjar zargi ba. Abin da ya fi amfani, idan gidan akwai abokiyar zama, ita ma ta je a gwada ta. Sannan ina roƙon iyaye mata da masu ba da shawara: kada a ce za a wanke wurin da matsi ko turare ko wani haɗi da ake cusawa. Ba sa kashe ƙwayar, suna iya ƙona fatar su jawo wani ciwon, su kuma ɓata gwajin gaba. Mai shan taba ko shisha ta daina, don hayaƙin na hana jiki share ƙwayar.

Duk wannan tsari na jira ya rataya ne a kan alkawari ɗaya, cewa matar za ta dawo. A nan kuwa nake jin tsoro, fiye da tsoron da nake ji wa watannin cikin. Bayan haihuwa ga suna, ga wankan jego, ga rashin barci. Mai cikin fari ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a wani gari, katin awo ya tsaya a can asibitin da ta baro. Ba ta jin ciwon komai, don ɗan canji ba ya ciwo. Kafin a ankara an yaye yaro, wani cikin ya shiga, aka sake cewa a bari sai ta haihu. Haka shekara goma ke wucewa, kuma 'yan tsirarun da nasu bai koma ba su ne ke dawowa asibiti da jini da wari lokacin da aiki ya riga ya yi nisa.

Abin da ya sauƙaƙa mana shi ne mako shida da likitoci ke faɗa kwana 42 ne, kusan daidai da arba'in ɗin da kowace mai jego ke ƙirgawa, kuma daidai da ranar da ake kai jariri allurar rigakafi ta mako shida. Akwai ta mako 10 da ta mako 14 a gaba, ta ƙarshen nan ta yi daidai da wata ukun da ake bi a Ingila. A lokacin jinin biƙi ya ɗauke, bakin mahaifa ya koma yadda yake, gwaji zai fi fita da kyau. Ta dai gaya wa likita tana shayarwa, don hakan na busar da fatar wurin ya ɗan sauya abin da ake gani. Tun kafin ta bar ɗakin likita a ranar da aka ba ta sakamako, ta nemi a rubuta mata ainihin haruffan da ranar dawowa, ta ɗauki hoton takardar a waya, ta gaya wa maigida da wadda za ta zauna mata jego. Idan an haihu lafiya, a sa ungozoma ko ma'aikaciyar rigakafi ta rubuta ranar a gefen katin allurar jaririn, tunda shi wannan katin uwa ba ta yar da shi.